Yaron da Ke Kuka a Allon Majami'armu

Dona Zuleide, don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan ba tare da ta riga ni isa majami'a ba. Tun kafin mu bar ƙasar nake karanta filinki na jarida. A lokacin, Allah ya gafarta mini, ina ganin masu rubuto miki addu'a ce ta yi musu ƙaranci. To, yau ga ni a layi.

Ni da mijina Edvaldo mun yi shekara goma sha takwas muna aikin bishara a wani ƙauyen Fulani da ke gabashin Guinea-Bissau. Ni ina kula da ɗan ɗakin shan magani, wanke ciwo da awon masu ciki. Shi kuma haƙa rijiya da koyar da karatu, sai sujada ranar Lahadi a gindin bishiyar yazawa. Wata bakwai ke nan da dawowarmu garinmu Caruaru a nan Brazil, saboda hawan jininsa ya ƙi jin magani, mahaifiyarsa ta tsufa ita kaɗai, kuma 'yarmu Jemima ta kai shekarar ƙarshe ta sakandare.

Ranar da muka sauka, ikilisiyarmu ta cika bas guda har filin jirgin Recife don tarbarmu. Sun zo da wani ƙyalle mai faɗi, an rubuta "Barka da dawowa daga Angola, jaruman bangaskiya," an zana zaki a gefe. Shekara goma sha takwas suna yi mana addu'a kowace Laraba, ashe Angola ake aika ta. Na buɗe baki, Edvaldo ya taka mini ƙafa ya ce in bari, Ubangiji ya san adireshin. Zaki kuwa, a jikin wannan ƙyallen Jemima ta fara ganinsa.

Ba na so ki ɗauka ban gode ba. Mutanen nan sun riƙe mu duk tsawon shekarun nan, wasunsu masu wankau ne da masu ɗinki a kasuwa. Amma kowa ya rungume ni sai ya ce, "'Yar'uwa, yaya Afirka?" Kafin in haɗa numfashi in fara, ya riga ya ce, "Kai, kun sha wahala, Allah ya saka," ya juya wajen masu shan kofi. A can ana kirana Baturiya, ni da fatata ta fi ta wasunsu duhu. A nan kuma na zama "'yar'uwarmu ta Afirka." Har yanzu ina jiran ƙasar da za ta ce ni tata ce.

Muna zaune a gidan surukata, Dona Creuza. Ƙofarta makulli uku ne, katanga da wayar lantarki a kai. Kullum sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Na gode wa Allah da ya fito da ku daga wannan wuri mai haɗari da ranku." A wurin mai haɗarin, labule ne ƙofarmu da rana, kuma abin da aka taɓa ɗauke mana shi ne zakara ɗaya, shi ma daga baya aka gano shaho ne. A sati na biyu da dawowa wurin da babu haɗari, wasu samari biyu a kan babur suka fizge wayata a tashar bas. Dona Creuza ta ce laifina ne, wa ya ce in riƙe waya a hannu kamar ina ƙauye.

Wata rana kewa ta dame ni, na dafa rogo na zuba a kwano na tafi gaida maƙwabciyarmu, wadda muka yi makaranta tare. Ta amsa mini ta ɗan akwatin magana na jikin ƙofa: "Lafiya dai? Wani abu ya faru? Me ya sa ba ki turo saƙo ba?" Na tsaya da kwano a hannu ina yi wa bango bayani.

Duk wannan ba shi ne ya sa na rubuto ba. Na san ina ta kewaye-kewaye. Bari in zo kan maganar.

Tunda muka dawo, kowace Lahadi muna zagaya majami'un da suka tallafa mana, mu yi godiya, Edvaldo ya ba da rahoto da majigi. Gaskiyar rahoton gajeruwa ce. A shekara goma sha takwas mutum bakwai muka yi wa baftisma, kuma ɗaya daga cikinsu 'yarmu ce. Rijiyoyi goma sha ɗaya. Yara masu yawa sun iya karatu, mata masu yawa sun haihu lafiya. Wannan ke nan. Amma a kan mumbari labarin ya soma girma. Akwai wani maciji da ya taɓa shiga ɗakin girkina, bai wuce tsawon hannuna ba, kuma ni na kashe shi da muciya. A majami'a ta biyu ya kai tsawon mutum. A ta huɗu ya fasa kai yana kallon Edvaldo ido cikin ido, har sai da aka ambaci sunan Yesu. Muciyata ta ɓace daga labarin gaba ɗaya, ni ma haka.

Sai kuma hoton. A ƙarshen kowane rahoto yakan haska hoton wani yaro ɗan shekara huɗu, ba riga, ciki a gaba, jiki duk ƙasa, yana kuka baki buɗe. Nan take hankici ke fitowa daga jakunkuna. Yaron nan sunansa Braima, ɗan maƙwabciyata Jenabu ne. Dona Zuleide, ban san yadda zan kwatanta miki Jenabu ba. Ranar da naƙudar Jemima ta kama ni, damina ta cinye hanya, mota ba ta fita, Edvaldo ya tafi neman taimako a kan keke. Jenabu ce ta karɓi haihuwar, ita ta yanke cibi, ita ta yi mini wanka har sati biyu. Ita ta koya mini Fulatanci, tana dariyar kurakuraina har ta riƙe ciki. Musulma ce, har yau Musulma ce. Na yi mata wa'azi shekara uku, ta saurara da kyau, sannan ta ce, "Maman Jemima, na ji. Yanzu miƙo kanki in ƙarasa kitson." Duk shekarar da tallafi ya makara, daga tukunyarta muke ci. Mijinta yana da garken shanu da gonar yazawa da sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba.

Ranar da aka ɗauki hoton, cikin Braima cike yake da mangwaro. Kukan da yake yi kuwa, Jemima ce, tana 'yar shekara biyu, ta ƙwace na hannunsa ta cije shi a kafaɗa. Labarin ya zama abin tsokana tsakanin gidajen biyu. Har suka girma yana ce mata ɓarauniyar mangwaro.

Jemima yanzu shekararta goma sha bakwai. A can aka haife ta, a can ta yi wayo. A makarantar nan suna kwaikwayon yadda take magana. Ta daina gaida mutane a bas bayan da wata mata ta matse jakarta a ƙirji. Kakarta ta hana ta ci da hannu. Duk majami'ar da muka je sai an roƙe ta ta ɗaura zane da ɗankwali ta faɗi aya "da yaren Afirka," a tafa. A can kuwa wando da riga take sawa kamar ƙawayenta. Ta yi ta haƙuri, tana zama a bencin gaba tana kallon ƙasa duk lokacin da hoton ya fito. Na ga alama, na kau da kai, na ce shekarunta ne.

Lahadi uku da suka wuce aka yi ranar mishan a majami'armu ta gida. An cika har waje. Edvaldo ya gama, hoton yana kan allo, mata suna share ido. Sai Fasto Valdir, mutumin kirki ne mai son yara, ya kira Jemima ya miƙa mata abin magana.

"'Yata, faɗa wa 'yan'uwa. Me kika fi gode wa Allah a kai, da ya dawo da ke gida?"

Ta tsaya ta dube shi. Ta ce, "Fasto, ni ba a dawo da ni gida ba. Ɗauko ni aka yi daga gida." Wasu suka yi 'yar dariya, sun ɗauka wasa ne. Sai ta juya ta nuna allon. "Wancan kuma sunansa Braima. Ba yunwa yake ji ba, mangwaronsa na ƙwace. Shanun babansa sun fi motocin da ke ƙofar majami'ar nan yawa. Uwarsa ce take ba mu abinci, ba mu muke ba ta ba. Ku daina yi masa kuka, yana nan lafiya, ya fi Baba tsawo."

Majami'a ta yi tsit. Akwai wani dattijo mai nauyin kunne da ya saba amsawa duk inda aka yi shiru. Ya ɗaga hannu ya ce, "Amin! Halleluya!" Masu kiɗa suka ruɗe suka ja waƙa. Edvaldo yana tsaye da abin sauya hoto a hannu, ya manta yadda ake kashe shi, Braima ya ci gaba da kuka a kanmu har aka gama baiti biyu.

A gida Dona Creuza ta ajiye tukunyar wake da ƙarfi ta ce, "Ga abin da zaman jeji ke haifarwa. An kai yarinya wajen wa'azi, ta dawo tana yi wa ubanta." Jemima ta shige ɗaki. Edvaldo bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Na same shi da yamma a bayan gida yana gyaran famfon da bai lalace ba.

Na ce, "Yarinyar nan ba ƙarya ta yi ba."

Ya ce, "Wa ya ce ƙarya ta yi? Ke ma kina wurin a Lahadin farko. Na ba su labarin rijiya da ajin karatu yadda yake. Kin ga mutumin da ya yi minshari a benci na biyu, ko ba ki gani ba? Da aka tashi wani ya tambaye ni, 'Ɗan'uwa, mutum bakwai kacal?' Me zan ce masa? In ce ƙuruciyata da taki mutum bakwai ce? Kuma ɗakin maganin da muka bari, da me zai ci gaba in sun daina bayarwa? Da minshari?"

Sannan ya faɗi abin da ya hana ni sukuni. Ya ce, "Ni na ƙara wa maciji tsawo, na yarda. Amma hoton wa ya ɗauka?"

Ni na ɗauka, Dona Zuleide. Ni ce nake rubuta wasiƙar addu'a da muke aikowa gida kowane wata. Shekara goma sha biyar da suka wuce, injin rijiya ya lalace, mun roƙa sau biyu ba wanda ya motsa. Na sa hoton Braima, na rubuta a ƙasa, "Ku tuna da yaran da ke kwana da yunwa." Ban ce shi ne ba. Na dai bar mai karatu ya haɗa da kansa, kuma na yi alfahari da wannan dabarar. A wata guda aka sayi sabon inji. Braima kansa ya sha ruwan. Daga nan hoton ya shiga kalanda, ya shiga bangon ofishin Fasto, ni kuma na koya wa kaina mantawa.

Abin bai tsaya nan ba. Majami'armu tana sa sujada a intanet. Wani ya yanke wurin maganar Jemima, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya isa ƙauyen da muka ce ba shi da komai. Braima yana karatun malanta a birnin Bafatá, abokansa suka nuna masa, yanzu suna kiransa marayan Brazil. Kwana huɗu bayan ranar mishan saƙon murya ya shigo daga Jenabu. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi Edvaldo da jikinsa, da tsohuwa, da gajiya. Sannan ta yi dariya ta ce, "Maman Jemima, ashe mu mayunwata ne ba mu sani ba? Da kin gaya mini ai da na rage miki tuwon in ƙara wa yara." Ta sake dariya, amma gajeruwa. Ta ce, "Duk shinkafar da muka ci a kwano ɗaya, abin da kika kai wa danginki ke nan?" Saƙon ya ƙare.

Na saurare shi ya fi sau ashirin. Ban amsa ba. Yau kwana goma sha bakwai. Na iya Fulatancin karɓar haihuwa da na cinikin kifi da na ta'aziyya, amma na rasa na wannan.

Ga inda nake yanzu. Dattawan ikilisiya suna shawarar ba Edvaldo aikin mataimakin fasto, kuma tun ranar mishan maganar ta yi sanyi. Shekararsa hamsin da uku, ba wata sana'a a hannunsa sai haƙa rijiya a garin da kowa ke da famfo. Shi da Jemima suna gaisawa kamar baƙi a asibiti. Ita ta ce da ta cika sha takwas a watan Fabrairu za ta koma, ta zauna wajen Jenabu ta yi karatun jinya a Bissau, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Abin kunyar shi ne, da ta faɗa, ba tsoro na fara ji ba, hassada na ji. Sannan nan da sati uku akwai babban taron zumuntar mata na yankinmu, ni ce babbar mai jawabi. An riga an buga takarda da hotona. Kan maganar da aka ba ni shi ne "Abin da Na Sadaukar." Dona Zuleide, shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Sadaukarwar da na sani ita ce ranar da na hau jirgin dawowa.

In faɗi gaskiya a taron, in ƙarasa kashe wa mijina aiki? Ko in ba su hawayen da suka zo nema? In bar 'yata ta tafi? Me zan ce wa Jenabu? Ki yafe tsawon wasiƙar.

Baƙuwa a Garinsu,
Caruaru

*

'Yar'uwata Baƙuwa,

Wasiƙarki ta yi tsawo, amma ban yi minshari ba, kuma babu zaki a cikinta sai na jikin ƙyalle. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tambayoyinki huɗu ne, kuma kin jera su a juye. Wadda kika sa a ƙarshe ita ce ta farko. Taro zai iya jira sati uku, dattawa za su iya jira wata uku, amma kwana goma sha bakwai na shiru ya riga ya yi wa Jenabu yawa. Ta aiko miki da dariya don ta bar miki ƙofa a buɗe, kuma kowace safiya da ba ki amsa ba ƙofar tana ƙara rufuwa. Ki ajiye jaridar nan ki kira ta, kira na baki da baki, ba saƙo ba. Kada ki kawo zancen injin rijiya. Gaskiya ne an sayi injin, gaskiya ne ɗanta ya sha ruwan, amma uzurin da aka haɗa da ban haƙuri yakan cinye ban haƙurin. Ki ce ke kika ɗauki hoton, ke kika rubuta kalmomin, kin ɓata sunan gidan da ya ciyar da ke, kina neman gafara. Fulatancin da ya ishe ki ta'aziyya zai ishe ki wannan. Bayan ita ki nemi Braima, domin fuskarsa ce, kuma ba yaro ba ne yanzu. Ki tambaye shi abin da yake so a yi. Hoton dai ya sauka daga majigi da kalanda da bangon ofis a wannan satin, kuma ke za ki je ki cire shi da hannunki.

Game da mijinki, ba zan taya ki jifansa ba, ke ma na ga ba jifan kike so ba. Mutum ne da ya dawo da shekara goma sha takwas a hannu, aka tambaye shi lamba. Wanda ya ce masa "bakwai kacal" ya ji masa ciwo fiye da yadda kika lura, macijin nan bandeji ne. Amma bandeji mai datti ne, kuma dole a cire. Ki same shi ku biyu, ba a gidan mahaifiyarsa ba. Ki fara da naki laifin, tunda ya riga ya nuna miki shi. Sannan ki gaya masa abin da za ki faɗa a taron, kalma da kalma, tun kafin ranar. An riga an ba shi mamaki sau ɗaya a gaban jama'a, kada matarsa ta zama ta biyu. Ba zan yi miki alkawarin zai sami aikin ba. Yana iya rasa shi. Amma in ya same shi a kan wancan labarin, zai ci gaba da ciyar da macijin har ya yi ritaya, kuma mai hawan jini bai kamata ya ɗauki irin wannan kiwon ba.

Jemima ta faɗi gaskiya, kuma ta faɗe ta a inda ta fi yi wa ubanta zafi. Duka biyun ki gaya mata. Ta ba shi haƙuri a kan wurin, ba a kan maganar ba. Ku kuma ku ba ta haƙuri a kan wata bakwai da kuka zaunar da ita a bencin gaba tana kallon ana yi wa ɗan'uwanta kukan ƙarya. Yarinya ba ta kama abin magana sai in an ƙi jin ta a teburin cin abinci. Ku daina ce mata ta dawo gida. Ku daina barin a ɗaura mata zane don a tafa. Maganar komawa kuwa, kada ki ce a'a, kada ki ce e. Ki ce ta gama sakandare, ta je hutu ta zauna wata biyu, ta ga makarantar jinyar da idonta, ta ga ƙauyen ba tare da iyayenta a cikinsa ba, domin ba za ta same shi yadda ta bar shi ba. In ta dawo tana kan bakanta, ku sa mata albarka. Ku da kuka bar iyayenku kuka tsallaka teku kuna ce musu kiran Ubangiji ne, ba ku da bakin mamaki sosai. Sai dai ki tabbata tafiyarta take yi, ba taki ba. Hassadar da kika ambata ba abin kunya ba ce, makoki ne. Kin rasa gari guda da mutanensa, kuma an tarbe ki da biki maimakon gaisuwa. Ki nemi wasu da suka dawo daga irin wannan aiki, suna nan fiye da yadda kike zato, ku zauna ku yi kewar tare.

Yanzu bari in ɗan taɓa ki. Kin ba ni labarin makullan Dona Creuza har uku, ba ki gaya mini abin da ya sa ta saka su ba. Ina jin ba ki tambaya ba. Kina jin haushi ba wanda ya tsaya ya ji yadda shekarun nan suka yi miki. Su ma sun yi shekara goma sha takwas a nan, sun binne mutane, an yi musu fashi, 'ya'yansu sun watse. Lokacin da kika isa wancan ƙauyen ba ki ce su yi irin gaisuwarki ba, zama kika yi kika koyi tasu, aka yi miki dariya kika jure. Caruaru ma ta cancanci wannan haƙurin. In al'adar yanzu ita ce a tura saƙo kafin a kai rogo, to ki tura saƙon, ki kai rogon.

Saura taro. Ki je. Kada ki canza kan maganar, ki bar su da takardarsu. Ki hau ki ce an ce ki faɗi abin da kika sadaukar, amma lissafin ya ƙi fita, domin abin da kika karɓa ya fi yawa. Ki ba su labarin ranar da damina ta cinye hanya. Ki ba su labarin kitson. Ki faɗi maganar hoton da bakinki, gajere, ba tare da dukan ƙirji ba. Ki faɗi bakwai ɗin da murya sosai, kada ki haɗiye ta. Sannan ki roƙa wa ɗakin maganin taimako a matsayin aikin maƙwabta da ke buƙatar hannu. Na ce miki ban yi barci a kan wasiƙarki ba. Edvaldo ya ba su rahoto suka yi gyangyaɗi, ya ba su tatsuniya suka yi kuka. Ba wanda ya gwada ba su mutane tukuna.

Wasu za su ji haushi, wasu za su rage bayarwa, kada ki yi mamaki. Amma kada ki raina matan da za su zauna a gabanki. Ni ma ɗaya ce daga cikinsu. Shekara arba'in ina fitar da hankici a ranar mishan, ina saka baikona domin mutanen da ban san sunan ko ɗayansu ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya dace a gaya mini. Ki gaya mana sunayensu, 'yar'uwa. Mun daɗe muna yi wa baƙi addu'a.

Ubangiji ya sassauta zuciyar Jenabu, ya ba Edvaldo lafiya da abin yi, ya shirya uba da 'ya, ke kuma ya ba ki bakin magana da wurin zama.

Taki,
Dona Zuleide